Daga Maƙera Zuwa Aljihu: Tarihin Ƙaramar Wuƙa a Ƙasar Batsari da Safana

Duk lokacin da aka tayar da zancen tarihin ƙasarmu, abin da ake fara kawowa shi ne jerin masu sarauta, da yaƙe-yaƙe, da jaruntakar mazaje irin su Ɗanwaire na Ruma. Wannan daidai ne. Sai dai kuma akwai wani tarihin da ke ɓoye cikin kayan aikin talaka, wanda ba a cika waiwayarsa ba. A wannan fitowa ta bana na ga ya dace mu dubi abu guda daga cikinsu, wato ƙaramar wuƙar nan da iyayenmu da kakanninmu ba su rabuwa da ita, domin 'yan'uwa mazauna birane, musamman 'ya'yanmu da aka haifa a Kaduna da Abuja da Legas, su san asalinta da matsayinta.

Zamanin tama da kube

Kafin zuwan Turawa, ƙarfen da ake aiki da shi a ƙasar Hausa daga ƙasa ake samo shi. Maƙera su ne ke haƙo tama, su narka ta da gawayin itace mai ƙarfi irin ƙirya, sa'an nan su kai ta maƙera a hura zugazugi, a riƙe da awartaki, a daka da masaba bisa uwar maƙera har ta zama garma ko gatari ko wuƙa. Wuƙar wancan zamani ba ta naɗewa. Maƙeri ya ƙera ruwanta, a sa mata ƙota ta ice, baduku kuma ya ɗinka mata kube. Wani ya soke tasa a ƙugu, wani ya ɗaura a damtse ƙarƙashin hannun riga.

Dalilin riƙe ta a jiki ba ɓoyayye ba ne. Bayan da masu jihadi suka karɓe birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka kafa Maraɗi, yankinmu ya zama bakin daga, Dajin Rugu kuma ya zama hanyar mahara. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya bi ta Kurfi da Zakka a 1853 kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, ya kuma rubuta irin fargabar da ayari ke ciki kafin ya ƙetare dajin zuwa Zurmi. Shi ne kuma ya bayyana cewa a kasuwar Kano, wadda ya gani a 1851, ruwan takubban da ake sayarwa galibinsu daga garin Solingen na Jamus ake kawo su ta hamada, maƙeran gida su sa musu ƙota. Ke nan ƙarfen Turai ya riga Turawan mulki isowa ƙasar Hausa da shekaru masu yawa.

Shigowar mai naɗewa

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Daga nan kantunan kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant, da UAC wadda aka kafa a 1929, suka cika da kayan ƙarfe, 'yan koli kuma suka riƙa yawo da su kasuwa kasuwa har ƙauyukanmu. Cikin waɗannan kaya ne wuƙar aljihu ta zo, wadda ruwanta ke naɗewa ya shige cikin ƙotarta, ba ta bukatar kube.

Iri uku ne suka yi suna a nahiyar Afirka. Akwai na garin Sheffield da ke Ingila, waɗanda tun asali an yi ƙananansu ne domin fiƙe alƙalamin gashin tsuntsu. Akwai Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen a 1902 domin kasuwannin Afirka, mai ƙotar katako da zobe a bayanta wanda sai an ja shi take naɗewa. A 1988 aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu. Sai Douk-Douk, wadda kamfanin Cognet na garin Thiers a Faransa ya fito da ita a 1929, mai ƙotar ƙarfe shimfiɗaɗɗiya, ta bazu a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Mu da ke kusa da Jibiya, wadda ke kan hanyar Maraɗi, ba baƙi ba ne ga kayan Faransa.

Wannan shigowa ta taɓa maƙeranmu ta fuska biyu. Tarkacen ƙarfen jirgi da na mota ya sa aka bar wahalar narka tama, har sana'ar ta mutu. Amma kuma ƙarfen sifirin mota ya ba su ruwan wuƙa mai riƙe kaifi, shi ya sa har yau mahauta da manoma da yawa suka fi yarda da ƙirar gida.

Aikinta a hannun mutanenmu

Wanda bai tashi a karkara ba zai yi mamakin yawan bukatun da wannan ɗan ƙarfe ke biya. Manomin Batsari da ita yake ɓare rogo ya duba ko ya nuna, da ita yake yanka rake, ya tsaga kaba ya tufka igiya. Makiyayi a gefen Runka ba ya shiga daji babu ita, domin in akuya ko tunkiya ta faɗi tana shirin mutuwa, wuƙar da ke jikinsa ce za ta hana dukiyarsa zama mushe. Dattijo da ita yake raba goro a majalisa, ya gyara asuwaki, ya yanke farce. Malamin allo kuwa da ita yake fiƙe alƙalamin kara, ya tsaga bakinsa yadda zai riƙe tawada.

A makarantun boko ma ta yi zamaninta. Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai a shekarun da suka biyo bayan shirin ba da ilmi kyauta na 1976, mun tarar da azuzuwa cike da yara, kowa da fensirinsa, wuƙar malam guda ce ke fiƙe su duka kafin a fara darasi. Daga baya reza da abin fiƙe fensir suka karɓe wannan aiki.

Abin lura shi ne tarbiyyar da ke tafe da ita. Ba a ba yaro wuƙa sai an ga hankalinsa. Ana koya masa ya miƙa ta ta wajen ƙota, kada ya nuna ɗan'uwansa da tsininta ko da wasa, kada ya zare ta cikin fushi. Wanda ya zare wuƙa a faɗa, abin kunya ya jawo wa gidansu, kuma maganar sai ta kai gaban mai gari.

Yadda zamani ya juya

A duniya, harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka ya sa aka hana shiga cikin jirgin sama da wuƙar aljihu, kamar yadda alhazanmu suka shaida. A gida kuwa abin ya fi haka zafi. Dajin Rugu da ya ciyar da mu ya koma maɓoyar 'yan bindiga, har a 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin da abin ya shafa, aka kuma katse layukan waya, ciki har da Batsari da Safana. Duk ranar da manomi ya kasa zuwa gona, maƙeri ma ya rasa mai sayen garma. A cikin gari kuma, fitinar ƙauraye ta sa matashin da aka samu da wuƙa a aljihu sai ya yi bayani. Kayan aiki ya koma abin zargi, alhali laifin ba na ƙarfe ba ne, na hannun da ke riƙe da shi ne.

Kira ga 'yan ƙungiya

Ina ba da shawara uku. Ta farko, a kafa ɗan kwamiti da zai zauna da Sarakunan Maƙera da dattawan sana'ar a Batsari da Ruma da Safana da Runka da Zakka, a naɗi bayaninsu tun suna raye, domin waɗanda suka ji labarin narka tama daga bakin iyayensu sun kusa ƙarewa. Ta biyu, duk mai tsohuwar wuƙa ko kube ko aska ta gado ya adana ta, a tattara wasu a ajiye a ɗakin karatun ɗaya daga makarantunmu tare da sunan maƙerin da garinsa. Ta uku, idan muka zo gida da Babbar Salla, mu sayi wuƙar layya wajen maƙeranmu maimakon mu taho da ta kanti, mu kuma taimaka wa 'ya'yansu da injin wasa ƙarfe da na walda.

Allah Ya maido mana da zaman lafiya a ƙasarmu, Ya jiƙan magabatanmu, amin.