Jagwalgwalo: ma'anar kalmar da yadda ake amfani da ita

Jagwalgwalo kalma ce da Hausawa ke kiran rubutun da ya cakuɗe har mai karatu ya kasa tantance haruffansa. Ta samo asali daga aikatau "jagwalgwala", wato a dagula abu a ɓata masa tsari. Shi ya sa ba ta tsaya ga rubutu kaɗai ba. Ana faɗinta a kan girkin da aka haɗa barkatai, ko ɗinkin da tela ya yi a gaggauce.

Duk inda aka ambaci kalmar, akwai zargi ga hannun da ya yi rubutun. Takardar da ruwa ya jiƙa, ko wadda tawadarta ta dushe, ba a kiranta jagwalgwalo. Haka nan rubutun Sinanci bai zama jagwalgwalo ba don kawai mai dubawa bai koye shi ba.

A nan ta sha bamban da kalmar Ingilishi "illegible", wadda tushenta Latin ne, daga "legere" mai nufin karantawa. Ita wannan ta haɗa rubutun da aka ɓata da wanda ya goge da kansa. Don haka a takardun kotu da na hukuma, ya fi dacewa mai fassara ya ce "rubutun da ba ya karantuwa", domin kada ya ɗora wa wani laifi.

Illar jagwalgwalo ba ƙarama ba ce. A boko, lanƙwasa ɗaya ce ta raba "ƙafa" da "kafa", da kuma "ɓari" da "bari". A ajami kuwa, ɗigo ne ke bambanta haruffa da dama masu siffa ɗaya.

Lamarin ya fi muni a asibiti. A shekarar 1999, wata kotu a jihar Texas ta Amurka ta yanke diyyar dala dubu 450 ga iyalan wani majinyaci da ya rasu, bayan mai ba da magani ya karanta Isordil, maganin ciwon ƙirji, a matsayin Plendil na hawan jini. Tun daga 2016, jihar New York ta wajabta wa likitoci aika takardar magani ta kwamfuta, sai a 'yan lokutan da doka ta keɓe.