Tsinkewar jijiyar ƙwanji: Alamominta, maganinta da lokacin da tiyata ke zama dole

Buhun masara ya suɓuce daga bayan mota a kasuwar Sabon Gari, mutum ya miƙa hannu ya tare shi. Nan take ya ji wani abu ya yi ƙas a gwiwar hannunsa, zafi ya ratsa shi. Bayan kwana biyu ko uku zafin ya lafa, hannun na lanƙwasuwa, yatsu na motsi, sai ya ce targaɗe ne, ya shafa man zafi ya koma kasuwa. Haka tsinkewar jijiyar ƙwanji ke yaudarar mutane. Ciwon kan yi sauƙi da wuri, amma ƙarfin hannun ba lallai ya dawo ba, kuma damar gyara shi cikin sauƙi makonni kaɗan ce.

Mece ce jijiyar ƙwanji?

Ƙwanji shi ne tsokar da ke gaban damtse, wadda ke tasowa idan an lanƙwasa hannu. Jijiyar da ake nufi a nan daban take da ta jini. Ita wannan kamar igiya take, mai ɗaure tsoka da ƙashi, irin agarar da ke bayan diddige. Ƙwanji na da irin waɗannan jijiyoyi uku: biyu a sama da suka kama ƙashin kafaɗa, ɗaya a ƙasa da ta kama ɗaya daga cikin ƙasusuwan sangalin hannu, dab da gwiwar hannu.

Aikin ƙwanji biyu ne: lanƙwasa hannu, da juya tafin hannu ya kalli sama. Wannan na biyun shi ake yi wajen ɗaure noti, murɗa makulli, buɗe famfo ko kwalba.

Tsinkewar sama da ta ƙasa

Mafi yawan tsinkewar a kafaɗa take faruwa, musamman ga waɗanda suka manyanta, bayan jijiyar ta daɗe tana gogewa. Da yake jijiyoyin sama biyu ne, idan ɗaya ta tsinke ɗayar na riƙe tsokar. Akan ga ƙwanjin ya zazzago ƙasa ya yi tudu kusa da gwiwar hannu, amma yawancin mutane na ci gaba da ayyukansu.

Ta ƙasa ba ta cika faruwa ba, sai dai ta fi illa, domin jijiyar ɗaya ce tilo. Idan ta rabu da ƙashi, tsokar kan janye sama wajen kafaɗa, kuma ba ta komawa ta manne da kanta. Ta fi samun maza 'yan shekara 30 zuwa 60, galibi a hannun da suka fi aiki da shi, a lokacin da nauyi ya fizge hannun da yake lanƙwashe: tare buhu, sauke janareta, ɗaga babur da ya faɗi, ko riƙe igiyar ragon layya da ya zabura.

Abubuwan da ke raunana jijiyar

Shan taba na kan gaba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya gano cewa haɗarin tsinkewar jijiyar ƙasa ga mashaya taba ya ninka na waɗanda ba sa sha fiye da sau 7. Haka ma magungunan ƙara girman tsoka da wasu matasa masu ɗaga ƙarfe ke amfani da su, da yawan yin allurar rage kumburi a gaɓa.

Akwai kuma maganin ciprofloxacin da danginsa, wanda mutane da dama ke saye a kemis da sunan maganin taifot ba tare da takardar likita ba. Tun 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi mai ƙarfi a jikinsa cewa yana iya jawo tsinkewar jijiya, musamman ga waɗanda suka haura shekara 60.

Alamomi

Jin ƙara ko fizga a kafaɗa ko gwiwar hannu. Zafi mai tsanani da ke raguwa bayan 'yan kwanaki. Kumburi da taruwar jini a ƙarƙashin fata. Sauyin siffar ƙwanji idan aka kwatanta da ɗaya hannun. Rami a gaban gwiwar hannu. Da kasa murɗa abin da a da ake murɗawa ba wahala. Lanƙwasuwar hannu ba shaida ce ta lafiya ba, domin akwai wata tsoka a ƙarƙashin ƙwanji da ke ci gaba da wannan aikin.

Abin yi a ranar farko

A ajiye ɗaukar kaya. A rataye hannun a wuya da ƙyalle. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na kamar minti 20, sau da yawa a yini. Farasitamol na rage zafi. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya guji ibuprofen da danginsa sai da izinin likita. Sannan a nemi likitan ƙashi a cikin makon, ba sai an ga abin da hali zai yi ba.

Masu ɗori na da daɗaɗɗen matsayi a ƙasar Hausa, kuma su ne mutane da yawa ke fara tunkara. Amma a nan ƙashi bai karye ba. Matsa da ja da ɗaurin karare ba sa mayar da jijiyar da ta rabu da ƙashi, kuma makonnin da za a yi ana jiran ɗori ya kama su ne makonnin da tiyata ta fi sauƙi.

Inda za a je

Ga mazauna Unguwar Gabas, Samaru da sauran sassan Sabon Gari, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na da likitocin ƙashi da sashen gashi. Akwai kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959.

Likita kan fara da gwajin hannu: ya sa yatsa a gaban gwiwar hannu ya yi ƙoƙarin maƙalo jijiyar. Idan bai same ta ba, alama ce ta tsinke gaba ɗaya. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya; amfaninsa tabbatar da babu karaya. Sikanin ko hoton MRI ne ke nuna ko tsinkewar duka ce ko rabi, da nisan da tsokar ta janye.

Auna zaɓi: tiyata ko haƙuri

Idan a kafaɗa ne, yawanci hutu da maganin zafi da atisayen gashi sun wadatar. Tudun ba zai ɓace ba, amma ba ya hana aiki. Akan yi tiyata ga matashi, ko mai aikin ƙarfi, ko wanda tsokar ke yawan ƙulle masa, ko wanda aka ga wata ɓarnar a kafaɗar.

Idan a gwiwar hannu ne kuma ta tsinke duka, lissafin ya sauya. Wanda bai yi tiyata ba kan rasa kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfin juya tafin hannu, da kusan kashi 30 na ƙarfin lanƙwasawa. Dattijon da ya yi ritaya, ko mai ciwon da ke sa tiyata ta zama haɗari, ko ma'aikacin ofis da abin ya samu a hannun da bai cika aiki da shi ba, yana iya rayuwa da wannan. Bakanike, kafinta, ɗan dako da mai shagon da ke sauke kayansa da kansa kuwa, abincinsu ne ya ragu.

Likitoci sun fi son a yi aikin cikin makonni 2 zuwa 3 na farko. Bayan haka tsokar kan ƙanƙance ta yi tabo, har ta kai sai an yi wa jijiyar ƙari da wata kafin ta isa ƙashi, aikin ya fi wuya, sakamakon kuma bai kai na farkon ba.

Tiyatar ma na da nata haɗarin: mutuwar fata a gefen sangalin hannu, wadda galibi kan warware, ƙashi ya tsiro a inda bai kamata ba, ƙwayoyin cuta su shiga, ko jijiyar ta sake tsinkewa, ko da yake wannan bai cika faruwa ba.

Bayan tiyata

Hannun kan zauna a ɗaure na wasu makonni, sannan a fara motsa shi a hankali a sashen gashi. Jijiyar na buƙatar wata 3 zuwa 4 kafin ta kama ƙashi sosai. Mai aikin tebur kan koma ofis da wuri. Mai ɗaukar kaya na iya kaiwa wata 6. Ɗan kasuwa ya sa wannan cikin lissafinsa tun farko: wa zai riƙe shago, wa zai sauke kaya. Ma'aikacin da ke cikin inshorar NHIA ko ta KADCHMA ta Jihar Kaduna ya nemi takardar turawa daga asibitinsa da wuri, ya kuma tambayi abin da inshorar ke biya.

Tambayoyi huɗu ya kamata mara lafiya ya yi wa likita kafin ya yanke shawara: A ina ta tsinke? Duka ce ko rabi? Me zan rasa a sana'ata idan ban yi tiyata ba? Kwana nawa suka rage mini in yanke hukunci?