Tarihin Yamai da zaman birni



Yau za mu yi magana bisa Yamai. A da can, Yamai ƴan ƙauyuka ne a bakin kogin Isa. A shekara ta 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram, suka kawo shi nan. Sa'ad da muka samu mulkin kai a 1960, mutanen garin wajen dubu 30 ne. Ƙidayar 1977 ta samu fiye da dubu 200. Ta 2012 ta samu fiye da miliyon ɗaya.

Su wa suka cika garin? Ma'aikata, da ƴan kasuwa, da ƴan cin rani. Sannan fari ya koro jama'a. A 1973 da 1974 dabbobi suka mutu, rumbuna suka ƙare. Aka tara masu gudun yunwa a Lazare, bayan gari. Yau Lazare unguwa ce. A 1984 fari ya sake koro waɗansu.

To, ka san zaman ƙauye. Kowa ya san ubanka da kakanka. Hatsi yana rumbu, ruwa yana rijiya. A birni ɗaki haya ne, icce saye, ruwa ma saye. Mutum yana kwana da lissafi, yana tashi da agogo. In baƙo ya zo daga gida ya yi wata uku, mai gida sai ya fara ƙidayar tiya. Kada ka ce rowa ce. Kowace tiya da kuɗi ya sayo ta.

Birni yana da nasa alheri. A gidan haya guda, Bahaushe da Bazabarme da Bafillace suna koyon harshen juna. Ɗan maƙeri yana shiga lakkol ya zama malami. Amma inda ba a san asalinka ba, in ɗanka ya ɓata hanya, ba mai tsawata masa.

Don haka mutanen birni suka nemi sabon dangi. Mata suna adashi. Bayan 1974 gwamnatin Seyni Kunce ta raya samariya. Daga wajen 1990 samari suka kafa fada, suna shan shayi, suna taimakon juna ran biki da ran rasuwa.

Ɗan uwa, in ka tafi birni, ka san maƙwabcinka tun kafin ka bukace shi. Ka riƙa aika wasiƙa gida, tun da yanzu ka iya rubutu. Zumunta a ƙafa take.

Sai wani mako, in Allah ya kai mu.