Gwajin mutum ɗaya: Yadda ake gano abincin da ya dace da jikin kowa

Tambayar da masu ciwon sukari suka fi yi wa likita ita ce, me za su ci. A Katsina, kamar sauran biranen arewacin Najeriya, shawarar da aka fi ji a gari ita ce a bar tuwon shinkafa a koma na alkama ko na acca, a rage fura, a ƙaurace wa kunun zaƙi.

To sai dai binciken da aka yi tun daga shekarar 2015 ya nuna cewa mutum biyu za su iya cin kwano ɗaya, sukarin jinin wannan ya yi sama sosai, na wancan kuwa ya ɗan motsa kawai.

Wannan ne ya sa masana abinci suka waiwayi wata tsohuwar hanyar bincike da ake kira N-of-1. Harafin N na nufin adadin mutanen da aka yi gwaji a kansu, wato a nan mutum ɗaya tak.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya kimanin miliyan 3.6 ne ke da cutar a Najeriya. Wani nazari na 2018, wanda Andrew Uloko, likita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta, ya ƙiyasta masu cutar a shiyyar arewa maso yamma da kimanin kashi 3 cikin ɗari.

Yaya ake yin gwajin?

A binciken da aka saba, ana raba ɗaruruwan mutane gida biyu, a ba waɗannan abu kaza, a ba waɗancan wani daban, sannan a kwatanta matsakaicin sakamakon kowane rukuni. Ko ma'aunin saurin ɗaga sukari na abinci, wanda David Jenkins ya ɓullo da shi a Jami'ar Toronto a 1981, da matsakaicin sakamakon mutane kamar goma ake fitar da shi.

A gwajin mutum ɗaya kuwa, mutum da kansa ake kwatanta shi.

A misali, a ce wani magidanci a unguwar Kambarawa yana so ya san ko tuwon alkama ya fi na dawa dacewa da shi. Likita zai tsara masa makon alkama da makon dawa, da miya iri ɗaya, da awo ɗaya, a lokaci ɗaya na dare, tare da auna sukarinsa kafin ya ci da kuma sa'o'i biyu bayan nan.

Ba shi ne zai zaɓi wanda za a fara da shi ba, ƙuri'a ake jefawa. Akan kuma saka kwanakin hutu a tsakani domin kada tasirin na farko ya biyo shi cikin na biyu.

Ginshiƙin aikin shi ne maimaitawa. Ko da babu wani bambanci tsakanin tuwon biyu, akwai yiwuwar ɗaya cikin biyu alkama ta yi nasara a zagaye guda bisa katari. Yin nasara bisa katari a zagaye uku a jere yiwuwarsa ɗaya ce cikin takwas, a zagaye biyar kuwa ɗaya cikin 32. Saboda haka wanda ya sha fura sau ɗaya, ya auna, ya yanke hukunci, bai yi gwaji ba tukuna.

Asalin hanyar

Tunanin ya daɗe. A littafinsa Al-Ƙanun fit-Ɗibb, wanda ya kammala a 1025, Ibn Sina ya gindaya sharuɗɗan gwada magani, ciki har da cewa a gwada shi a jikin ɗan Adam ba dabba ba, kuma sai an ga tasirinsa na maimaituwa kafin a yarda da shi.

A zamanin nan, Gordon Guyatt da abokan aikinsa na Jami'ar McMaster da ke Kanada ne suka fito da hanyar fili a 1986. Sun yi gwajin a kan wani mai ciwon asma, suna sauya masa maganin tiyofilin da wata ƙwaya mai kama da shi wadda ba ta ƙunshi komai ba, ba tare da shi ko likitansa sun san wadda yake sha ba. Aka gano maganin ƙara masa wahala yake yi. Da aka dakatar da shi sai ya samu sauƙi.

Daga magani zuwa abinci

A 2015, Eran Segal da Eran Elinav na Cibiyar Weizmann a Isra'ila suka manna wa mutum 800 na'urar da ke auna sukari dare da rana har tsawon mako guda, suka bi diddigin cin abinci kusan sau 47,000. A cikinsu an samu wanda ayaba ta ɗaga wa sukari fiye da biskit, an kuma samu wanda akasin haka ya faru da shi.

A 2020 aka wallafa binciken PREDICT, wanda Sarah Berry da Tim Spector na kwalejin King's da ke Landan suka jagoranta a kan mutum fiye da dubu, da yawansu tagwaye. Hatta tagwaye masu kama ɗaya sun bambanta wajen yadda jikinsu ke karɓar abinci iri ɗaya, alamar cewa gado ba shi ne komai ba. Barci, da motsa jiki, da lokacin cin abinci, da ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji duk suna da hannu.

Wanda ya bi ƙa'idar gwajin mutum ɗaya sosai shi ne na Jami'ar Westlake da ke birnin Hangzhou a ƙasar Sin, wanda aka wallafa a 2021. An ɗauki matasa 30 masu lafiya, kowa ya yi kwana shida a kan abinci mai yawan maiƙo, kwana shida a kan mai yawan sitaci, har zagaye uku, da hutu a tsakani. Wasu sitaci ya fi ɗaga wa sukari, wasu maiƙo, wasu kuma ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba.

Masu ja da lamarin

Ba dukan masana ne suka gamsu ba. Kevin Hall, lokacin yana aiki a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ya nazarci mutum 30 marasa ciwon sukari da aka kwantar a asibiti, ana ba su abinci iri ɗaya sau biyu da tazarar kimanin mako guda. Sakamakon da aka fara fitarwa a 2023 ya nuna cewa mutum ɗaya, da abinci ɗaya, sau da yawa yakan ba da amsa biyu mabambanta.

Ke nan wani ɓangare na abin da ake ɗauka bambanci ne tsakanin mutane, wataƙila sauyin jiki ne na yau da gobe, ko kuma kuskuren na'ura. Wannan suka ce mai nauyi ga kamfanonin da ke sayar da shawarar abinci bayan awon kwanaki kaɗan, amma a haƙiƙa ƙarin hujja ce ga masu cewa a maimaita gwaji.

Akwai wasu iyakokin. Ana iya ɓoye wa mutum ƙwayar da yake sha, amma ba a iya ɓoye masa cewa tuwon dawa ne a gabansa. Hanyar ba ta amsa tambayar abin da zai faru bayan shekara goma, kamar ciwon ƙoda ko shanyewar ɓarin jiki. Haka zalika sukari ba shi kaɗai ne ma'auni ba: tsire mai kitse ba zai ɗaga shi sosai ba, amma hakan bai mayar da shi abincin lafiyar zuciya ba.

Su kuma manyan binciken nan, a kan burodi da irin kek ɗin Turawa aka gina mafi yawansu, ba fura da nono ko ɗanwake ba. Na'urar da ake mannawa a damtse, irin FreeStyle Libre, kimanin kwana 14 take yi a sauya ta, kuma daga waje ake shigo da ita. Abin da ya fi sauƙi ga mazaunin Kambarawa shi ne ƙaramar na'urar huda yatsa, da littafin rubuta sakamako, da haƙuri.

Likitoci na gargaɗin cewa mai amfani da allurar insulin ko ƙwayoyin sauke sukari kada ya sauya abincinsa shi kaɗai, domin sukari na iya faɗuwa har ya kai ga suma. Wanda ke son gwadawa sai ya tsara da likitan da ke duba shi, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko a wani asibitin. Watan Ramadan ma ba lokacin fara irin wannan gwaji ba ne, tunda lokutan ci da barci duk sun sauya.

A 2022 gwamnatin Amurka ta ware dala miliyan 170 domin wani bincike na shekara biyar a kan mutum 10,000, da nufin samar da hanyar hasashen abincin da ya dace da kowane mutum.