Zinariyar Magami da Ruwan Inabin Kantabari

Mu da muke hidima tsakanin Sabon Birni da Isa muna zaune ne kusa da kufan Alkalawa, tsohuwar hedkwatar Gobir a bakin Gulbin Rima. Daga can Sarki Bawa Jangwarzo ya yi mulki. Wajen 1788 ya tara malaman ƙasarsa a Magami don Babbar Salla, ya raba musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda shekarunsa ba su wuce 35 ba, aka miƙa masa zinariya miskali 500. Bai karɓa ba. Ya roƙi a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki 'yan kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince.

Kada mu yi saurin zargin malaman da suka karɓa. A zamanin nan malami ba shi da albashi, kyautar sarki kuwa ita ke ciyar da almajirai da baƙi. Amma sarki ma ba a banza yake bayarwa ba. Addu'a yake nema, da kuma shaidar cewa masu ilimi na tare da shi.

Tarihin ikkilisiya yana da irin wannan, sai dai a can karɓa aka yi. A 1179 Sarkin Faransa, Luwi na Bakwai, ya ƙetare teku zuwa Kantabari a Ingila, ɗansa Filibus na kwance rai a hannun Allah. Ya yi addu'a a kabarin Babban Bishop Tomas Beket, wanda aka kashe a cikin majami'arsa a 1170 saboda jayayya da sarkin Ingila. Sannan ya yanka wa sufayen wurin ruwan inabi manyan ganguna 100 kowace shekara. Yaron ya warke, ya hau gadon sarauta, ya tabbatar da kyautar. Abin lura a nan: ikkilisiyar da shugabanta ya mutu don ya ƙi sarki ɗaya, ga ta tana cin alherin wani sarkin.

Duk lokacin da sabon sarki ya hau a Faransa sai sufayen su nemi ya sabunta takardar. In yaƙi ya tashi tsakanin ƙasashen biyu, gangunan su daina zuwa, wani lokaci shekara da shekaru.

A ganinmu Shehu ya fi su hangen nesa, domin abin da ya roƙa ya kai ga ɗan kurkuku da manomi. Sai dai shi ma a bakin sarki abin yake. Bawa ya rasu ba da daɗewa ba. Da Nafata ya hau sai ya hana rawani da lulluɓi, ya taƙaita wa'azi. A zamanin ɗansa Yunfa, cikin Fabrairu 1804, Shehu ya bar Degel zuwa Gudu, Alkalawa kuma ta faɗi a 1808.