Daga Jar Tawada Zuwa XML: Gurbin Hausar Sudan a Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani rubutun hannu na ƙasar Hausa ko Barno ya san tawada ba ɗaya ba ce. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza kuma da ruwan ɗorawa. Launin ba ado ba ne kawai, yana gaya wa mai karatu aikin kowace alama. Wannan dabara ta yi wa rubutu shaida ita ce tushen harsunan alamta bayanai da kwamfuta ke aiki da su a yau.

A 1969, ma'aikatan kamfanin IBM uku a Amurka, Goldfarb da Mosher da Lorie, suka ƙirƙiro GML. Daga shi aka samu SGML a 1986, sannan HTML da ake gina shafukan intanet da shi. A watan Fabrairun 1998 ƙungiyar W3C ta fitar da XML, wanda ya bai wa kowa damar raɗa wa alamominsa suna.

Ƙa'idojinsa ba su da yawa. Kowace alama ana buɗe ta, a rufe ta. Ƙarama tana zama cikin babba, kamar faifai cikin ƙwarya, kuma duka suna ƙarƙashin uwa guda. Ga yadda za a bayyana wata tsohuwar wasiƙa:

<takarda>
<iri>wasiƙa</iri>
<gari>Abu Hujar</gari>
<harshe>ha-Arab-SD</harshe>
</takarda>

Mutum zai karanta ya fahimta, kwamfuta ma haka. Manhajar da ke Kano za ta iya karɓar bayanin daga Sinnar ba tare da ta rikita sunan gari da nau'in takarda ba.

Dubi layin harshe da kyau. "ha" Hausa ke nan, "Arab" haruffan Larabci, wato Ajami, "SD" kuma Sudan. Wannan lamba tana cikin CLDR, rumbun bayanan harsuna da ƙungiyar Unicode ke kula da shi tun 2004, wanda shi ma da XML aka tsara shi, kuma wayoyi da kwamfutoci ke ɗebowa daga cikinsa. A can an rubuta cewa in aka ce Hausa a Sudan, a ɗauka da haruffan Larabci take.

Wannan gurbi tarihi ne ya samar da shi. Tun da daɗewa mahajjata ke ratsa Sudan da ƙafa, wasu su yada zango su zauna. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, noman auduga a Jazira ya ƙara jawo mutanen yamma. Jikokinsu, har da na yankin Abu Hujar, da Larabci suka yi karatu, saboda haka haruffansa ne suka fi sabawa da hannunsu, ba boko ba.

Sai dai suna a rumbu ba ya cika rumbu. Wasiƙun kakanni, takardun gona, salsalar dangi da waƙoƙin wa'azi na Ajami suna cikin akwatuna da gafakoki. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso jihar Sinnar a 2024, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar takarda.

Ɗaukar hoto da waya mataki ne mai kyau, amma hoto dubu marasa bayani tamkar tsaba ce da aka zuba buhu guda ba a rarrabe ba. Manyan ɗakunan karatu na Birtaniya da XML suke bayyana littattafansu na Larabci rubutun hannu a kundin Fihrist. Ɗalibi a Abu Hujar ko Mai Wurno zai iya bin wannan hanya: kowace takarda a rubuta irinta, garinta, shekararta da harshenta. Ta haka ɗan'uwansa da ke Sakkwato zai iya nemo ta, ko da asalin takardar ta salwanta.