3.4 Daga Zugazugi Zuwa Fanka: Sauyin Hura Wuta a Maƙerun Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna kudancin Jihar Katsina, yankin noman masara da dawa da auduga. Don haka rayuwar manomi a nan ta rataya ne a kan maƙeri, shi kuwa maƙeri aikinsa ya rataya a kan iskar da ke hura masa wuta.

Tun asali zugazugi ake amfani da shi. Ana ɗinka shi da fatar akuya guda biyu, a haɗa bakinsu da bututun yumɓu da ke shiga cikin gawayi, musamman na ƙirya. Ɗan zuga kan zauna yana ɗaga ɗaya yana danna ɗaya, kuma daga nan ne yaro ke fara koyon ƙira.

Zuwan Turawa ƙasar Katsina a 1903 ya kawo sauyi ta fuskar ƙarfen kansa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sannan layin da ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Sannu a hankali ƙarafan jirgi da na mota suka wadata, aka bar wahalar narka tama. Sai dai irin wannan ƙarfe yana da kauri, yana kuma buƙatar wuta mai ɗorewa, abin da ke gajiyar da ɗan zuga.

Wannan ne ya sa maƙera da yawa suka koma ga fankar da suke haɗawa da hannunsu. Sukan kafa tsohon wilin keke, su ɗaura masa igiyar roba da ke juya 'yan fukafukai a cikin gidan gwangwani. Da yake wilin ya fi sandar fankar faɗi nesa, juyi ɗaya na hannu kan juya fukafukan sau da yawa, iska ta riƙa fita ba yankewa. Bugu da ƙari, tsadar kayan waje da ta biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ta ƙara wa irin wannan dabara daraja.

Amma fanka tana cin gawayi, kuma idan ba a kula ba takan ƙone ƙarfe. Daga nan za a fahimci cewa abin hura wuta ne ya sauya, sanin lokacin da ƙarfe ya nuna kuwa yana nan a idon maƙeri.